Kwalejin Barewa: makarantar ce ta yi su, ko kuwa da ma can zaɓaɓɓu ne?

Ina da wani kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya. Duk hirar da za ku yi da shi, ko ta farashin taki ce, sai ya san yadda ya karkato da ita ta biyo ta ƙofar makarantar nan. A hutun babbar Sallar da ta wuce muna zaune a zaure ya sake jero mini sunayen da na riga na haddace: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya ce, "Kai da kake ta fama da lissafe-lissafe a jami'a, faɗa mini wata makaranta ɗaya da ta fitar da shugabannin ƙasa biyar."

Na ce, "Kawu, Allah Ya ƙara girma, ban musa ba. Amma in manomi ya zagaye gonakin gari duka ya tsinto zangarniyar da ta fi kowace cika, ya shuka irinta a gonarsa, in ta yi kyau gonar za a yaba ko irin?"

Ya harare ni, ya ce yaran yanzu ba su da ta-ido. Amma tambayar ba ta bar raina ba, domin irinta ce muke yi kullum a ɗakin bincike: in ka ga sakamako, me ya haddasa shi? Shi ya sa na ga ya dace yau mu ɗan ajiye sinadarai da ƙwayoyin halitta, mu ɗora tarihin makarantar nan a kan ma'auni.

Daga ɗakunan ƙasa a Katsina

Kafin a fahimci Barewa sai an san irin giɓin da aka kafa ta don ta cike. A Legas, 'yan mishan sun buɗe makarantar sakandare ta farko tun 1859. A Arewa kuwa, bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, sun taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, su kuma ba su yi gaggawar buɗe makarantun gwamnati ba. Sai a 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fara makarantarsa a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka samu makarantun larduna jefi-jefi. Matsalar ita ce babu malamai 'yan ƙasa da za su koyar a cikinsu.

Wannan buƙata ce ta haifi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Zaɓen Katsina ba a banza aka yi shi ba. Gari ne da ya yi suna a ilimi tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau tana shaida. Sannan Sarkin Katsina na lokacin, Muhammadu Dikko, mutum ne mai karɓar sabon abu, wanda a 1921 ɗin ma ya je aikin hajji ya kuma ziyarci Ingila. Akwai kuma wani dalili da Turawan ba su ɓoye ba: Katsina tana nesa da layin dogo da hayaniyar baƙi, suna so yaran su yi boko ba tare da sun ɗauko ra'ayoyin da 'yan bokon Legas ke damun gwamnati da su a jaridu ba.

Ginin na ƙasa ne, irin na gargajiya. Yana nan har gobe, an ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ɗalibi yakan shafe shekara biyar yana koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, tare da Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. An dage ƙwarai a kan lafazin Turanci, har aka riƙa gane ɗan Kwalejin Katsina da zarar ya buɗe baki. Da yamma kuma a buga kurket da fayis, wasan nan na bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango da aka kwaso daga makarantun 'ya'yan manya na Ingila. Sardauna bai rabu da fayis ba har ƙarshen rayuwarsa.

Lamba 87 da lamba 145

Ga inda lissafi ya shigo. Kowane ɗalibi ana ba shi lamba bisa jerin shigowa. Ahmadu Raba, wanda daga baya duniya ta sani da Ahmadu Bello, ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, lambarsa 145. Tsakaninsu kuma akwai Abubakar Imam da ya shiga a 1927.

To mai karatu, raba 145 da shekaru takwas na ɗaukar ɗalibai, daga 1921 zuwa 1928. Abin da za ka samu bai kai mutum 20 a shekara ba. Ko a shekarun da aka ɗan ƙara, bai wuce kamar 30 ba. Wannan kuwa a yankin da mutanensa suka haura miliyan 10 a lokacin. Wato daga Sakkwato har Adamawa, daga Borno har Ilori, yaran da ke samun wannan dama a shekara ba za su cika motar haya biyu ta yanzu ba.

Kuma ba a banza ake isowa ba. Yaro sai ya fara shiga elementare, wanda da ma ƙalilan ne ke samu. Sai ya wuce makarantar lardi, wadda daga baya aka mayar midil. Daga can ne malamai da jami'an ilimi ke zaɓo ɗaya ko biyu ko uku da suka fi fice. Rariya ce a kan rariya. Wasu 'ya'yan sarauta ne, kamar Ahmadu Bello da ya fito daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wasu kuwa iyayensu ƙananan ma'aikatan fada ne ko malamai ko alƙalai, kamar Ɓalewa da Aminu Kano. Ɗan talaka tilis da ke can ƙauye, in ba sa'a ta musamman ba, ko labarin wurin ba ya ji.

Ƙaura biyu, suna biyar

Wajen 1930 aka ɗaga darajar makarantar ta zama Babbar Kwalejin Katsina, aka fara shigo da darussan kimiyya domin a samu waɗanda za su taimaka a aikin asibiti da gona da injiniya, ba koyarwa kaɗai ba. A 1938 aka tashe ta zuwa Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 aka sake ɗauke ta zuwa Zariya, mazauninta na yanzu a kan titin Gaskiya, da sunan Sakandaren Gwamnati. A 1956 ta koma Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka raɗa mata Barewa, sunan dabbar da ke jikin tambarinta. Takenta karin maganar Larabawa ne, "Man jadda wajada", wato wanda ya dage zai samu.

Ko sunayen gidajen kwanan ɗalibai kaɗai ka duba za ka ga tarihin a dunƙule. Ga gidan Lugard da Clifford da Ɗan Hausa da Mort, ga kuma Bello Kagara da Nagwamatse da Ja'afaru da Sulaimanu Barau. 'Yan mulkin mallaka da malaman ƙasa da sarakuna, duk a fili guda.

Wani canji mai muhimmanci shi ne buɗe ƙofa. An kafa kwalejin ne da nufin masarautun Musulmi, amma a zamanin Zariya ta zama ta Jihar Arewa baki ɗaya. Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Angas, wanda mahaifinsa mai wa'azin coci ne a Wusasa, ya yi karatu a can a farkon shekarun 1950.

Abin da aka shuka da abin da ya tsiro

Turawa malaman makaranta masu biyayya suke nema. Sun samu malaman, amma biyayyar ba ta daɗe ba.

Dubi adabi tukuna. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, uku na mutanen kwalejin ne: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, malami a can, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Imam ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Duk wanda ke karanta Hausar boko yau, har da wannan shafi namu, yana cin gajiyar wannan zuriya.

A 1939 ɗin dai aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin a Kaduna. Ba ta yi tsawon rai ba a karon farko, amma ita ce ta fara tara 'yan bokon larduna daban-daban a ɗaki ɗaya suna tattauna halin da Arewa ke ciki. A Bauci, Sa'adu Zungur, wanda daga Katsina ya wuce Kwalejin Yaba a 1934, da Aminu Kano da Ɓalewa suka riƙa haɗuwa a zauren muhawara a shekarun 1940, suna yi wa En'e tambayoyin da ba a saba ji ba. A 1949 aka yi taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, Aminu Kano ya zama jagoranta daga baya. A cikin wannan wata ne kuma Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul.

Ku lura da wani abu a nan. Sardauna da Malam Aminu makaranta ɗaya ta yaye su, amma ɗaya ya tsaya a kan gyara cikin tsarin sarauta, ɗayan ya tsaya a kan 'yantar da talaka daga tsarin. Da a ce makarantar tana ƙera mutane ne kamar bulo, da ba a ga haka ba. Abin da ta ba su shi ne kayan aiki: harshen da gwamnati ke ji, da iya rubutu da muhawara, da sanin juna. Kowa kuma ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi da kayan.

Haka aka yi ta tafiya. Ranar 15 ga Janairun 1966, ban da Sardauna da Ɓalewa, manyan hafsoshin Arewa huɗu da aka kashe, wato Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da Yakubu Pam, duk tsofaffin ɗaliban makarantar ne. A Yulin 1975 aka kifar da Gowon, Murtala ya hau, ɗan Barewa ya gaji ɗan Barewa. A zaɓen 1979, cikin 'yan takarar shugaban ƙasa biyar, uku 'yan Kwalejin Kaduna ne: Shehu Shagari da Aminu Kano da Waziri Ibrahim.

Mu 'yan kimiyya ma muna da namu a ciki, ko da yake ba a cika ambatonsu a zaure ba. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya yi digirin digirgir a Kambirij ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan makarantar ne. Haka Farfesa Umaru Shehu da Farfesa Jibril Aminu a fannin likitanci. Shagari kansa malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin siyasa ta ɗauke shi. Umaru 'Yar'aduwa kuwa, wanda ya yi sakandarensa a Keffi kafin ya zo Barewa ya yi karatun share fagen jami'a, ilimin sinadarai ya karanta har digiri na biyu, ya kuma koyar da shi.

To, gonar ce ko irin?

Masu binciken ilimi sun daɗe suna fama da irin tambayar da na yi wa Kawu, kuma sun samo dabarar gwada ta. A makarantar da ake shiga da jarrabawa akwai makin da aka yanke. A ce 70 ne. Yaron da ya ci 70 ya shiga, wanda ya ci 69 ya koma wata makarantar. Yaran nan biyu kusan ɗaya suke a ƙoƙari, bambancinsu bai wuce tambaya guda ba. In ka bi ɗaruruwan irinsu shekaru, duk bambancin da ka gani daga baya kana iya jingina shi ga makarantar.

An yi wannan gwaji a kan fitattun makarantun gwamnati na biranen Boston da New York a Amurka. Cikin masu binciken har da Joshua Angrist, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021. An yi makamancinsa a kan manyan sakandaren ƙasa na Kenya. Duka biyun an wallafa su a 2014, kuma sakamakon ya ba mutane mamaki: yaran da suka tsallake da ƙyar ba su fi waɗanda suka faɗi da ƙyar wani abin a zo a gani ba a jarrabawar ƙarshe. Ma'ana, yawancin ƙyallin da ake gani a makarantun nan daga irin da aka zuba musu ne.

Kafin ku ce na ci gardama, ku saurari ɗaya ɓangaren. Yaron Boston da ya faɗi da maki ɗaya yana da wata sakandare a unguwarsu. Yaron Bauci ko Yola na 1928 da bai samu Katsina ba, babu wata ta biyu da zai je a Arewa, karatunsa na boko ya tsaya ke nan. Don haka gwajin da ya fi dacewa da zamanin Katsina shi ne wanda Leonard Wantchekon da abokan aikinsa suka yi a Jamhuriyar Benin, aka wallafa a 2015. Sun bi sawun yaran farko da aka sa a makarantun zamanin mulkin mallaka, suka kwatanta su da sa'o'insu da ba a sa ba. Sun tarar da bambanci mai girma a aiki da wadata da shiga siyasa, kuma amfanin bai tsaya a kansu ba, ya kai ga 'ya'yansu, har da 'ya'yan 'yan'uwansu. Inda makaranta ta yi ƙaranci, samunta kaɗai yana sauya rayuwar dangi guda.

Akwai kuma abu na uku da ya kamata a sa a lissafi, wato lokaci. Daga 1951 zuwa 1966 kujeru suka yi ta buɗewa a Arewa: majalisa, ministoci, manyan sakatarori, hafsoshin soja, ga manufar gwamnatin Sardauna ta cike guraben aiki da 'yan Arewa. Waɗanda ke da takardar da ake nema 'yan ɗaruruwa ne, kuma mafi yawan na gaba-gabansu daga wannan makaranta suke. In rijiya ɗaya ce a gari, ba abin mamaki ba ne a ce duk masu ƙarfin garin ruwanta suka sha. Daɗin daɗawa, sun kwana a ɗaki ɗaya, sun san halin juna, don haka in ana neman wanda za a amince wa, sunan abokin makaranta ne ke fara zuwa baki.

Sai kuma tarkon da muke yawan gargaɗi a kai a wannan shafi: ƙidaya waɗanda suka yi fice kaɗai. Muna jero biyar da suka mulki ƙasa, mu manta da ɗimbin da suka ƙare rayuwarsu suna koyarwa a midil da elementare, ko suna aikin akawu a ofishin En'e. Alhali in aka bi manufar da aka kafa kwalejin dominta, su ne ainihin nasararta, don a hannunsu dubban yara suka koyi karatu.

Waɗanda ba a buɗe wa ƙofa ba

Duk wannan labari na maza ne zalla. Sai a 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe sakandaren 'yan mata ta Sarauniya Elizabeth a Ilori, shekara 35 bayan Katsina. Ku yi tunanin yawan 'yan matan da ke da kaifin ƙwaƙwalwa irin na Iya Abubakar a tsawon waɗannan shekaru, waɗanda ba a taɓa miƙa musu alli ba. Haka yaran karkara da elementare ba ta isa garinsu ba. Jerin sunayen da Kawu ke alfahari da shi abin alfahari ne da gaske, amma kuma shaida ce ta yadda ƙofar ta kasance ƙunci. Yankin da ya dogara da makaranta guda wajen samar da shugabanninsa na rabin ƙarni, yanki ne da aka bari a baya wajen gina makarantu.

Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, sannan aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, sakandare suka yawaita, kowace jiha ta kama nata. Barewa ta koma hannun jiha, yau tana ƙarƙashin Jihar Kaduna. Masu hali kuma sannu a hankali suka karkata ga makarantun kuɗi. Rariyar da ke tace yaran Arewa duka ta zuba a wuri ɗaya ta daina aiki, kuma ba za ta dawo ba. A 2021 makarantar ta cika shekara 100, tsofaffin ɗalibanta na nan da ƙungiyarsu suna tallafa mata.

Abin da ya sa na damu da wannan bambanci na gona da iri shi ne, kusan kowace tsohuwar sakandare a Arewa yanzu tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, kuma kowace tana maganar dawo da martabar da. In an ɗauka sirrin yana cikin suna da gini ne, sai a ƙare a fenti da sabuwar ƙofa da allon da aka rubuta sunan mai bayarwa. Amma in aka duba abin da ɗan Katsina na 1928 ya samu wanda za a iya maimaitawa, abubuwa ne sanannu: aji maras cunkoso, malamin da ya san darasinsa kuma ya san sunan kowane yaro, abinci da wurin kwana, littafi a hannu, da cuɗanya da yaran wasu garuruwa da wasu harsuna. Waɗannan ana iya saye da kuɗi da kulawa, kuma binciken Benin ya nuna inda suka fi yin tasiri: wurin yaron da in ba a ba shi ba, ba shi da wata madafa.

Na koma wurin Kawu da wannan bayani bayan kwana biyu. Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce a ajinsu na firamare akwai wani yaro da ke gabansa a kowace jarrabawa, amma uban ya cire shi ya mayar da shi kiwo kafin a zo ɗaukar 'yan sakandare. Ya ce har yau in ya je gida yakan same shi a kasuwar dabbobi, kuma lissafin da yake yi da ka kafin dillali ya gama danna waya, shi Kawu ba zai iya ba.

Na ce, "To Kawu, da shi aka kai Zariya fa?"

Ya ce, "Da yanzu sunansa nake jero maka."